BABI NA UKU: SHEKARUN HAWA MULKI DA TSAWON RAYUWAR FIRAYIM MINISTA DA FIRIMIYOYIN NIJERIYA, 1954–1966

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda tsarin mulki irin na majalisa ya shigo Nijeriya, da kuma yadda aka raba ƙasar jiha-jiha a ƙarshen zamanin Turawa. Wannan babi kuwa zai dubi mutanen da suka riƙe ragamar gwamnati a ƙarƙashin wancan tsari, amma ta wata fuska da manazarta ba su cika kula da ita ba, wato shekarunsu na haihuwa a lokacin da suka hau mulki, da kuma tsawon kwanan da kowanne daga cikinsu ya samu a duniya.

Dalilin zaɓen wannan fuska shi ne, a garin Kaduna, musamman unguwannin da ke arewa da kogi irin su Unguwar Dosa da Kawo da Unguwar Sarki, sunan Sardauna bai bar bakin mutane ba. Kwalejin Tunawa da Sardauna a Unguwar Dosa take, gidan da ya zauna kuma yana nan kan Titin Raba, inda ya zama cibiyar binciken tarihi da ake kira Gidan Arewa. Duk da wannan kusanci, yawancin matasa idan aka ambaci Sardauna ko Tafawa Ɓalewa, tsofaffi tukuf suke gani a zukatansu, domin kullum “dattawan Arewa” suke ji ana kiran su. Alhali kuwa babu wanda ya kai shekara 45 a cikin su biyun a ranar da ya hau mulki, kuma babu wanda ya cika shekara 56 a ranar da ya bar duniya. Babin zai yi ƙoƙarin nuna dalilin da ya sa suka hau mulki da ƙuruciya, da kuma abin da gajeren kwanansu ya jawo wa siyasar Arewa.

3.1 Waɗanda Nazarin ya Shafa

Muƙamin Firimiya ya fara ne a ranar 1 ga Oktoba, 1954, lokacin da tsarin mulkin Lyttelton ya mayar da Nijeriya tarayya mai jihohi uku: Arewa da Yamma da Gabas. Muƙamin Firayim Minista na tarayya kuwa sai a 1957 aka ƙirƙiro shi. A 1963 aka yanki Jihar Yamma ta Tsakiya daga cikin Jihar Yamma, ta zama ta huɗu. Dukkan waɗannan muƙamai sun ƙare a rana guda, wato 15 ga Janairu, 1966, kuma ba a sake maido da su ba, domin tsarin mulkin 1979 ya ɗauki salon shugaban ƙasa mai cikakken iko irin na Amurka.

A tsakanin waɗannan shekaru mutum bakwai ne suka zauna bisa kujerun har suka yi mulki. An bar Alhaji Dauda Adegbenro a waje saboda naɗin da aka yi masa a Yamma cikin rikicin 1962 bai tabbata ba, haka kuma an bar firimiyoyin Kudancin Kamaru saboda yankin ya fita daga Nijeriya a 1961.

Akwai kuma matsalar ranakun haihuwa. A farkon ƙarni na ashirin ba a rajistar haihuwa a ƙasar Hausa, sai dai a danganta haihuwar yaro da wani babban abu da ya faru, kamar yunwa ko rasuwar sarki ko zuwan Turawa. Saboda haka ne wasu littattafai suke cewa an haifi Sardauna a 1909, wasu kuma 1910. Shi kuwa Tafawa Ɓalewa wata da shekara kawai aka saba bayarwa. A wannan nazari an bi ranakun da suka fi yawa a rubuce.

Jadawali na 1: Shekarun hawa mulki da na rasuwa

1. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista. Haihuwa: Disamba 1912. Hawa mulki: 1957, yana da shekara 44. Rasuwa: 1966, yana da shekara 53.
2. Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Arewa. Haihuwa: Yuni 1910. Hawa mulki: 1954, yana da shekara 44. Rasuwa: 1966, yana da shekara 55.
3. Cif Obafemi Awolowo, Firimiyan Yamma. Haihuwa: Maris 1909. Hawa mulki: 1954, yana da shekara 45. Rasuwa: 1987, yana da shekara 78.
4. Cif Samuel Ladoke Akintola, Firimiyan Yamma. Haihuwa: Yuli 1910. Hawa mulki: ƙarshen 1959, yana da shekara 49. Rasuwa: 1966, yana da shekara 55.
5. Dokta Nnamdi Azikiwe, Firimiyan Gabas. Haihuwa: Nuwamba 1904. Hawa mulki: 1954, yana da shekara 49. Rasuwa: 1996, yana da shekara 91.
6. Dokta Michael Okpara, Firimiyan Gabas. Haihuwa: Disamba 1920. Hawa mulki: ƙarshen 1959, yana dab da cika shekara 39. Rasuwa: 1984, yana da shekara 63.
7. Cif Dennis Osadebay, Firimiyan Yamma ta Tsakiya. Haihuwa: Yuni 1911. Hawa mulki: 1964, yana da shekara 52. Rasuwa: 1994, yana da shekara 83.

3.2 Shekarun Hawa Mulki

Idan aka tara shekarun mutanen nan bakwai na lokacin hawa mulki aka raba bakwai, za a samu kimanin shekara 46. Okpara shi ne mafi ƙuruciya, Osadebay kuma shi ne babba, kuma shi kaɗai ne ya haura hamsin. Idan aka kwatanta da Ingila, wadda daga gare ta aka kwaikwayo tsarin, za a ga bambanci. Harold Macmillan, wanda yake Firayim Minista a lokacin da Nijeriya ta sami ’yancin kai, ya hau ne a 1957 yana da shekara 62, magajinsa Alec Douglas-Home kuma ya hau a 1963 yana da shekara 60. A Indiya ma Jawaharlal Nehru yana da shekara 57 a 1947. Amma a nan Afirka abin ya yi kama da na Nijeriya. Kwame Nkrumah ya zama Firayim Minista a 1952 yana da shekara 42, Hamani Diori ya karɓi shugabancin gwamnatin Nijar a ƙarshen 1958 shi ma yana da 42, Patrice Lumumba na Kongo kuwa 34 gare shi a 1960.

Wannan ƙuruciya ba haka kawai ta faru ba. A Arewa dalilinta yana tattare da tarihin ilimin boko. Makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano sai a 1909 aka buɗe ta, Kwalejin Katsina kuwa, wadda ita ce ta fara ba ’yan Arewa ilimi mai zurfi, a 1922 aka yi bikin buɗe ta. Sardauna ya shige ta a 1926 ya fita a 1931, Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928 ya fita a 1933. Ke nan a lokacin da tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya buƙaci ’yan ƙasa su riƙe muƙaman minista, su karanta takardun gwamnati da Turanci, su yi muhawara a majalisar Legas, da wuya a sami ɗan Arewa mai shekara sittin da zai iya wannan aiki. Masu irin waɗannan shekaru sarakuna ne da alƙalai da malamai, iliminsu na Arabiyya ne, ikonsu kuma a En’e yake. Dole ta sa aka koma ga malaman makaranta da ma’aikatan En’e waɗanda suka fito daga Katsina, mafi yawansu a lokacin suna tsakanin shekara 35 zuwa 45.

A Kudu ilimin boko ya riga ya daɗe, domin tun 1859 akwai makarantar sakandare ta mishan a Legas. Saboda haka can akwai ’yan boko tsofaffi, amma zamaninsu ya shuɗe kafin mulki ya zo hannu. Herbert Macaulay, wanda aka haifa a 1864, ciwon ajali ya kama shi a Kano a 1946 yana cikin rangadin jam’iyyar NCNC, ya rasu a Legas yana da shekara 81, jagorancin jam’iyyar ya koma hannun Azikiwe wanda yake da shekara 41.

Sai dai ya kamata a lura cewa a ma’aunin Bahaushe ɗan shekara 44 ba yaro ba ne. Ya wuce samartaka, ya zama magidanci, yana bakin shiga dattijantaka. Al’ummar Musulmi tana ɗaukar arba’in a matsayin shekarun cikar hankali, domin a nan ne aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A tarihin Daular Usmaniyya ma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai cika hamsin ba lokacin hijira zuwa Gudu a 1804, ɗansa Muhammadu Bello kuma ya zama Sarkin Musulmi a 1817 yana da kimanin shekara 36. Bugu da ƙari mutanen nan ba sababbin hannu ba ne. Sardauna ya zama hakimin Raba a 1934 yana da shekara 24, ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938, sannan ya yi shekaru yana kula da gabashin ƙasar Sakkwato daga Gusau. Tafawa Ɓalewa kuwa yana da shekara 37 a 1950 lokacin da ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En’e gyara, maganar da ba kowane yaro ne zai iya furtawa a gaban iyayen ƙasa ba a wancan zamani. Ashe ke nan ƙuruciyar tasu ta shekaru ce kawai, ta wajen aiki kuwa kowannensu ya yi shekara ashirin ko fiye yana hidimar jama’a kafin ya kai ƙololuwa.

3.3 Tsawon Rayuwa

Matsakaicin tsawon rayuwar mutanen bakwai shi ne shekara 68. Amma wannan adadi yana iya ruɗin mai karatu, domin babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya rasu kusa da wannan shekara. A gaskiya rukuni biyu ne. Rukunin farko su ne ukun da aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966: Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Akintola, waɗanda matsakaicin shekarunsu 54 ne. Rukuni na biyu su ne huɗun da suka tsira suka mutu a kan shimfiɗarsu: Okpara da Awolowo da Osadebay da Azikiwe, waɗanda matsakaicin shekarunsu ya kusa 79. Tazarar da ke tsakanin rukunan biyu ta kai shekara 24.

Abin ya faru ne cikin watan azumi, da asubahin ranar Asabar. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, babban mai koyarwa a kwalejin horar da sojoji ta Kaduna, shi ya jagoranci harin da aka kai gidan Firimiya, inda aka kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. An kashe Akintola a gidansa na Badun, kwana ɗaya bayan ya ziyarci Sardauna a Kaduna. Tafawa Ɓalewa kuwa an ɗauke shi daga gidansa na Legas, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta, aka kai ta Bauchi aka binne. Kwanaki kaɗan kafin nan shi ne mai masaukin baƙi a taron shugabannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Legas kan batun Rodeshiya. Su kuwa sauran, Azikiwe yana ƙasar waje yana hutun jinya, Awolowo yana kurkukun Kalaba tun bayan hukuncin da aka yanke masa a 1963, Okpara da Osadebay kuma an sauke su amma ba a taɓa rayukansu ba. Wannan bambanci na waɗanda aka kashe da waɗanda aka bari shi ne tushen muhawarar da ake yi har yau game da manufar juyin, kuma yana cikin abubuwan da suka jawo juyin ramuwa na Yuli 1966.

Musulmi ya yi imani cewa ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya. Abin da za a kawo nan ba jayayya ba ce da ƙaddara, ƙoƙari ne na auna girman giɓin da aka bari. Hanya mafi sauƙi ita ce a dubi tsaran Sardauna da Tafawa Ɓalewa waɗanda su ma suka bi ta Kwalejin Katsina. Sa Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa, wanda aka haifa wata ɗaya da Sardauna, ya kai 1990, ya rasu yana da shekara 80. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda aka haifa shekara ɗaya da Tafawa Ɓalewa, ya kai 1994. Alhaji Aliyu Makaman Bida ya rasu a 1980 yana da kimanin shekara 75, Alhaji Abubakar Imam kuma a 1981 yana da kimanin 70. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya girmi Sardauna da shekara bakwai, sai a 1988 ya rasu. Wannan ya nuna cewa mutanen wannan aji da wannan zamani sukan kai saba’in zuwa tamanin. Haka kuma idan aka waiwayi Ingila za a ga Macmillan da Douglas-Home kowannensu ya kai shekara 92, kuma a duk tarihin ƙasar Firayim Minista ɗaya tak aka taɓa kashewa, wato Spencer Perceval a 1812. A Nijeriya kuwa uku cikin bakwai aka kashe a dare guda.

3.4 Tasirin Gajeren Kwana ga Siyasar Arewa

Tasiri na farko shi ne yankewar jagoranci. Jam’iyyar NPC tana da ginshiƙai uku: Sardauna a Kaduna, Tafawa Ɓalewa da Alhaji Muhammadu Ribaɗu, Ministan Tsaro, a Legas. Ribaɗu ya rasu a watan Mayu na 1965, sauran biyun suka bi shi bayan wata takwas. Mulki sai ya faɗa hannun waɗanda suka yi ’ya’ya da su. Nzeogwu shekararsa 28 a daren juyin. Hassan Usman Katsina ya zama Gwamnan soja na Arewa yana da shekara 32, Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa a watan Agusta na 1966 yana da 31, Murtala Muhammed kuma a 1975 yana da 36. A watan Mayu na 1967 aka raba Arewa jihohi shida, kujerar Firimiya ta tafi ke nan. Saboda haka Sardauna shi ne na farko kuma na ƙarshe a kujerarsa, haka shi ma Tafawa Ɓalewa.

Tasiri na biyu ya bayyana ne a zaɓen 1979. Awolowo ya fito takara a UPN yana da shekara 70, Azikiwe ya fito a NPP yana da 74, wato Yamma da Gabas sun dawo da jagororinsu na tun 1954, da sunansu da magoya bayansu. Da Sardauna yana raye da shekararsa 69 a lokacin, Tafawa Ɓalewa kuma 66, duk ƙasa da waɗancan biyu. Da yake ba su nan, ’yan takarar Arewa uku duk daga sahun ƙannensu suka fito: Alhaji Shehu Shagari na NPN mai shekara 54, Malam Aminu Kano na PRP mai 59, da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP mai 53. Shagari da Waziri dukansu ministoci ne a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, amma ga shi sun fito a jam’iyyu daban-daban. Shagari ya ci zaɓe, sai dai ƙuri’un Arewa sun kasu uku, kuma jihar Kaduna kanta, hedikwatar Sardauna, gwamnan PRP ta zaɓa.

Tasiri na uku ya shafi rubutun tarihi. Awolowo ya sami shekara 21 bayan juyin, Azikiwe ya sami 30, kuma dukansu sun yi rubuce-rubuce da jawabai da hira da ’yan jarida suna kare matsayinsu. Littafin tarihin rayuwar Sardauna mai suna My Life a 1962 ya fito, wato kafin rikicin ƙidayar jama’a ya kai ƙarshe, kafin zaɓen tarayya na 1964, kafin kuma tarzomar Yamma ta 1965. Tafawa Ɓalewa, duk da kasancewarsa marubucin Shaihu Umar, bai bar tarihin rayuwarsa da alƙalaminsa ba. Don haka mai nazarin waɗannan shekaru masu wuya yana jin bakin ɓangare ɗaya kai-tsaye, ɗaya ɓangaren kuwa sai ta bakin wasu, kamar John Paden da ya rubuta tarihin Sardauna a 1986, da Trevor Clark da ya rubuta na Tafawa Ɓalewa a 1991.

Amma gajeren kwanan yana da wata fuskar. Waɗanda suka daɗe sun ɗanɗani abin da tsawon rai yake kawowa ɗan siyasa. Awolowo da Azikiwe sun faɗi zaɓe sau biyu, a 1979 da 1983, an kuma yi ta tuhumar kowannensu kan rawar da ya taka a yaƙin basasa. Okpara ya yi shekaru yana gudun hijira bayan yaƙin. Su kuwa Sardauna da Tafawa Ɓalewa sun tafi ne ayyukansu suna sababbi. Jami’ar Ahmadu Bello shekararta uku da ’yan watanni, jaridar New Nigerian makonta biyu da fara fitowa, madatsar ruwa ta Kainji kuma sai a 1968 aka kammala ta. Ba su ga durƙushewar masaƙun Kaduna ba, ba su kuma shiga zamanin kuɗin man fetur ba. Wannan ya taimaka wajen tsare martabarsu, har ma ya sa aka rage tuna koke-koken da ’yan NEPU da mutanen Tibi suka yi game da mulkin NPC. Manazarci na gaskiya dole ya riƙe fuskokin biyu tare.

3.5 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa shugabannin gwamnatocin Nijeriya na tsakanin 1954 da 1966 sun hau mulki ne da matsakaicin shekara 46, kuma a Arewa dalilin haka shi ne makarar da ilimin boko ya yi wajen shigowa. Ya kuma nuna cewa bambancin tsawon rayuwarsu bai samo asali daga lafiyar jiki ba, daga abin da ya faru a dare ɗaya ya samo. Idan aka kwatanta da zamanin baya-bayan nan za a ga yadda al’amari ya juya: Muhammadu Buhari ya ci zaɓe a 2015 yana da shekara 72, Bola Tinubu kuma a 2023 yana da 70, har ta kai a 2018 sai da aka yi dokar rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 domin a buɗe wa matasa ƙofa. Waɗanda ake kira dattawan Arewa kuwa, mafi yawan ayyukan da ake yabon su da su sun yi su ne tsakanin shekara 40 da 55 na rayuwarsu. Babi na gaba zai dubi ministocin gwamnatin Jihar Arewa, domin a ga ko abin da aka samu a nan ya shafe su su ma.